Daga walda zuwa ƙirar fari: littafin aikin dallata ta farko

11 ga Janairu, 2025

Yau na share ɗan ɗakin da ke saman benenmu a nan Makka, na hau da kayan aiki. Kututturen itace shi ya fi ba mu wahala, ni da ƙanena sai da muka huta sau biyu a matakala. Sauran ba su da nauyi: tukunyar gas, guduma huɗu, awartaki, magagari, almakashin yankan ƙarfe, sai uwar maƙerar kakana da Inna ta ciro mini daga ƙasan akwatinta a naɗe cikin tsohon zane. Wanda ya saba da uwar maƙerar Turawa zai raina ta. Tsawonta bai fi taƙi ɗaya da rabi ba, kai mai faɗi, gindi mai tsini, ana kafa ta a itace. Da ita kakanmu ya taso daga Kano a ƙasa, ya bi ta Barno da Wadai da Darfur, yana yada zango yana ƙera fartanya da wuƙa har kuɗin guzuri ya taru, sannan ya ƙara gaba. A Sawakin, gaɓar teku ta Sudan, ya shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Inna ta ce shekara bakwai tafiyar ta ci.

Ni shekarata 17 ina walda a sana'iyya, wato unguwar gareji da masu aikin ƙarfe. Ƙofofi, tagogi, ƙafafun tankin ruwa, rumfar mota. Na ci abinci da ita, na yi aure da ita, ba zan zage ta ba. Amma idona ya fara gaya mini gaskiya, kuma adon ƙofa da a da nake lanƙwasawa da hannu, yanzu injin leza ke yanko shi cikin minti kaɗan, ni sai dai in liƙa. Da Ma'aikatar Al'adu ta Saudiyya ta sanya wa 2025 suna Shekarar Sana'o'in Hannu, sai na ce wa uwargida idan ban fara bana ba, ba zan taɓa farawa ba.

Abin da na ɗaukar wa kaina: kafin shekarar ta ƙare in ƙera dalla guda ɗaya, wato butar gahawa, tun daga fallen ƙarfe, ba inji, wadda zan iya zuba wa baƙo gahawa da ita ba tare da na sunkuyar da kai ba. 'Yan'uwa na Kano da na Mai Wurno ta Sudan da ke tambayata a WhatsApp, ga inda za ku riƙa ganin labari. Ku yi haƙuri da bokona, da girma na koye shi. Kuma na sani, a can gida idan aka ce «dalla» tsawa ce ake yi wa yaro. A nan kuwa ita ce darajar falo.

25 ga Janairu

Baffa ya zo. Aminin mahaifina ne, ya haura 80, kuma shi kaɗai na sani a cikin mutanenmu da ya yi aikin tagulla tun lokacin da ake dafa wa alhazai abinci a manyan tukwanen gaci. Da alminiyam da silba suka shigo, sana'ar ta mutu a hannunsa, ya koma tuƙin mota. Sai da na je gidansa sau uku kafin ya yarda ya hau benen.

Na so in burge shi. Na yanko tagulla, na hura mata wuta har ta yi ja, na ɗora a uwar maƙera na kai mata duka. Ta dare gida uku kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Baffa bai ko motsa ba, ya ce, «Ɗana, wa ya aike ka?» Na ce, «Baffa, ai da zafi-zafi akan daki ƙarfe.» Ya ce wannan karin maganar maƙeran baƙi ce, su suka yi abinsu. Maƙerin fari da sanyi yake duka.

Ga yadda abin yake, kamar yadda ya nuna mini har magariba. Tagulla gami ce: jan gaci da tutiya, irin wadda ake yi wa aikin guduma kusan kashi 70 gaci ne, 30 tutiya. Idan ta yi ja da wuta, gautsi gare ta. Sai ta huce ake bugunta. Amma kowane bugu yana ƙara mata tauri, har ta kai inda idan ka ƙara ɗaya za ta tsage. Kafin nan sai a mayar da ita wuta, ta yi ja kaɗan irin na garwashin da ya fara mutuwa, a bari jan ya ɓace, a tsoma a ruwa, ta koma laushi. Shi yana kiran wannan takhmir, da Larabci. Abin da ya ɗaure mini kai, baƙin ƙarfe mai kyau idan ka tsoma shi a ruwa tauri yake yi, gaci kuwa ko a jikinsa.

Na tambaye shi ta yaya zan san lokacin mayarwa wuta ya yi. Ya ce da kunne. Mai laushi ƙararta a dakushe take, idan ta fara ƙara siririya kamar tana kuka, ka tsaya. Kunnena da sarukh, injin yanka da gurza ƙarfe, ya shekara 17 yana ci, sai a hankali.

8 ga Fabrairu

Na sauka Jidda. Na sayo fallen jan gaci mai kaurin milimita ɗaya, don Baffa ya ce in bar tagulla tukuna, gaci ya fi haƙuri da ɗan koyo. Daga nan na zarce Harajin Sawarikh, kasuwar gwanjo, na yi sa'ar wata tsohuwar dalla mai fasasshen gindi. Ba don amfani na saya ba, so nake in warware ta in ga yadda aka haɗa.

Maƙwabciyarmu ta aiko ɗanta cewa ƙarar guduma na hana jaririnta barci. Tana da gaskiya. Na sa tsohuwar taya a ƙarƙashin kututturen, kuma daga yau duka sai tsakanin la'asar da magariba.

22 ga Fabrairu

Hutun Ranar Kafa Ƙasa ya ba ni yini guda cur. Tasa ta biyar ce ta fara kama da tasa. Huɗun farko, biyu sun huje a gindi don na yi ta dukan wuri ɗaya har ya zama takarda, biyu kuma bakinsu ya yi ta lanƙwasa kamar ganyen kabeji. Tsohon turmin Inna nake amfani da raminsa wajen zurfafawa, da gudumar katako, ina farawa daga baki ina zagayawa zuwa ciki. Ta ga turmin a sama ta ce da ta san abin da zan yi da shi ke nan da ba ta ba ni ba.

Bayan wuta gaci baƙi yake fitowa. Na yi niyyar sayen ruwan asid, Baffa ya hana. Tsamiya da gishiri a ruwan ɗumi, a jiƙa, a goge da toka. Ya fito ja wur kamar sabon kwabo. Mutanen Makka ma tasa suke ce mata, irin wadda masu shayar da Zamzam ke zuba wa mutane ruwa a ciki daga tulun ƙasa, tun kafin zuwan kofin roba.

15 ga Maris, 15 ga Ramadan

Aiki ya koma dare, kuma duka ya tsaya gaba ɗaya saboda mutane. Sai Baffa ya ce to lokacin koyon farantawa ne, wato shafe cikin tasa da kuza, tunda ita ba ta da ƙara.

Ba a cin abinci ko shan abu mai tsami a gaci tsirara. Yana fitar da koriyar tsatsa, zinjar, mai cutarwa. Shi ya sa ake shafe cikin kowace tukunya da dalla da kuza, abin da Larabawa ke kira gasdir. Kuza tana narkewa a digiri 232 kacal, gaci kuwa sai ya kai 1085. Ana wanke cikin tasa tas, ko maiƙon yatsa kada ya taɓa, a ɗora a wuta, a barbaɗa wani farin gari, hayaƙi fari ya turnuƙe, a goga sandar kuza ta narke, sannan a zagaya da dunƙulen auduga da sauri, sau biyu ko uku. Cikin ya koma fari kamar madubi. Idan ka yi nawa, ta daskare gudaji-gudaji. Tawa ta farko kamar an watsa mata tsakin gero.

Farin garin nan sunansa nashadir. Ina faɗa, Baffa ya yi dariya ya ce kakana sinadari yake kiransa, kuma shi ne ainihin sinadarin. Wato kalmar da yanzu ake ji a rediyo, sinadarin abinci, sinadarin magani, sinadarin kaza, daga maƙera ta fito. Na kwana ina jujjuya wannan a raina. Hayaƙinsa kuwa ba na wasa ba ne, ya shaƙe ni har sahur ina tari. A fili ake yi, iska na bayanka.

Abu ɗaya da ya ja mini kunne a kai da kakkausar murya: dalma. Ya ce a zamaninsu akwai masu cakuɗa kuza da dalma don riba, tunda ta fi araha kuma ta fi saurin bin jikin tukunya. Guba ce, tana taruwa a jikin mutum, yara ta fi yi wa illa. Ya nuna mini gwajinsu na da: lanƙwasa sandar kuza kusa da kunne. Tsantsarta tana ƙas-ƙas, mai gami shiru take yi. Duk da haka na sayi tawa a wurin da ake rubuta tsarkinta a takarda.

19 ga Afrilu

Wata guda ban taɓa komai ba. Aikin ƙofofin wani gini ya danne mu a sana'iyya, ina dawowa gida hannu na rawa. Na gwada yin zane a tasa da kurfi, ɗan ƙarfen da ake taka zane da shi, a daren jiya, layin ya tafi kamar sawun maye. Na ajiye.

Na yi wa maigidana maganar rage mini kwanaki zuwa huɗu a mako. Ya ce zai duba bayan Hajji.

14 ga Yuni

An gama Hajji, Arfa ta kama 5 ga wata. Kamar kowace shekara gidanmu ya cika da baƙi daga gida, masu zuwa gaida Inna da kawo saƙon daddawa da kuka. Kafin zuwansu na gama tasa shida, huɗu na yi musu dagi a gindi, biyu na bar su da zanen ganye irin na nan.

Zanen ma da labarinsa. Ana cika tasar da baƙin danƙo mai kwalta don ƙarfen ya sami abin jingina, a zana da fensir, a bi da ƙananan kurfi ana taka su da guduma kaɗan-kaɗan. Kurfin da kaina na ƙera su daga tsofaffin ƙusoshin kankare, a nan dai walda ta yi mini rana. Dagi ya fi kowane zane wuya, domin zare ɗaya ne ke shiga yana fita, sama da ƙasa, idan ka ɓata mahaɗa guda ido zai gani ko daga bakin ƙofa.

Na fito da su bayan an ci abinci. Wata Hajiya, ƙawar gwaggona daga Kano, ta ɗauki mai dagi ta juya, ta ce, «Ɗan nan, aikin ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Amma wannan ai na gida ne. Idan na kai shi tsaraba cewa za a yi a Kurmi na saya.» Ta ɗauki mai ganye. Da na faɗi kuɗi ta riƙe baki, ta ciro wata daga jakarta da ta saya kusa da masauki, mai walƙiya, an buga hoton dabino, riyal ɗin da bai kai kuɗin shayi biyu ba. Na juya gindinta, daga China take. Na ba ta tawa kyauta, don ba a ciniki da baƙon uwa.

Abin ya tsaya mini. Na ɗauka dagi ne zai ja mutanenmu. Kwana biyu bayan haka kuma wani abokin aikina Balarabe ya ga hotonta a wayata ya ce wannan ƙullin na wace ƙasa ne, bai taɓa gani ba. Na ce na Makka ne, shekara nawa muna nan. Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Wadda ta saya ita ce 'yar maƙwabtanmu da za a aurar bayan Muharram, haifaffiyar nan, Hausarta ma a karye take. Ta ce, «Yaya, duk huɗun nake so, a jera mini a ɗaki, dangin miji su san daga inda na fito.» Ba ta nemi ragi ba. Kuɗin farko ke nan da ƙirar fari ta kawo gidan nan tun rasuwar kakana.

19 ga Yuli

Na fara dallar. Zafi ya wuce 40 kullum, benen kamar tanda, don haka awa ɗaya kawai nake samu kafin magariba.

Tsohuwar da na warware ta koya mini cewa ba daga falle guda ake tayar da ita ba. Jiki daban, gindi daban, baki, murfi, mariƙi, kowanne da nasa. Jikin ana naɗe falle ne ya zama bututu, a yi wa gefunan haƙora su shiga juna, a liƙe, a daddake ɗinkin har ya ɓace. Sannan a matse ƙugu a buɗe ƙasa. A nan uwar maƙerar kakana ta nuna kanta, don kanta yana shiga cikin bututun daidai, kamar don haka aka yi ta. Sau tara na mayar da jikin wuta kafin ƙugun ya fito.

Maigida ya yarda da kwana huɗu, albashi ya ragu gwargwado. Uwargida ta yi lissafi a takarda ta tura mini gabana, ba ta ce komai ba.

29 ga Agusta

Na yi ɓarna, kuma laifina ne ni kaɗai. Jikin ya yi kyau har na kasa haƙuri, na shafe cikinsa da kuza don in ga yadda zai fito, alhali ban liƙa baki ba. Lihamin azurfa da ake liƙa baki da shi yana son wuta mai ƙarfi, sama da digiri 600. Ina kai wutar, kuzar ta narke ta ƙone, ta ci cikin ƙarfen, wurin ya yi tabo mai ramuka kamar zanzana. Aikin mako biyar.

Baffa ba ya iya hawa bene yanzu, gwiwa ta hana, sai na kai masa gida. Ya daɗe yana shafa wurin da babban yatsa. Ya ce, «Kai da ka yi walda, kana fenti kafin ka liƙa?» Na ce a'a, Baffa. Ya ce to. Bai ƙara ba, ya sa aka kawo shayi.

Muna shan shayin ne ya ba ni labarin yadda aka yaye shi. Shekara shida yana hura wuta da wanke tukwane da yashi, da ƙafa ake shiga cikin manyan ana murzawa, kafin maigidansa ya bar shi ya riƙe audugar. Na ce masa yanzu akwai Wirth, cibiyar koyar da fasahohin gargajiya da aka kafa a 2021, ana shiga aji a koyi aikin ƙarfe, har mata na yi. Na kuma gaya masa tun 2023 UNESCO ta sa sassaƙa zane a zinariya da azurfa da gaci cikin gadon duniya, da sunan ƙasashen Larabawa goma, har da Saudiyya da Sudan. Ya ce madalla, amma da sun yi da wuri da sun tarar da mutane. Ya lissafa mini abokan sana'arsa da yatsu, duk sun riga mu gidan gaskiya. Ni dai ina ganin ajin ya fi babu, kuma wata shida na wanke tukunya ma ba zan samu yaron da zai yi mini ba, balle shekara shida. Ban faɗa masa haka ba.

Na yanko sabon falle.

23 ga Satumba

Hutun Ranar Ƙasa. Na zauna na cike neman lasisin mai sana'ar hannu na Hukumar Kayan Tarihi ta dandalin intanet na Abdi'a, na ɗora hotunan tasoshin da na wani kaskon turare da na gama a makon jiya. Idan ya fito, ina so in nemi wuri a Banan, makon sana'o'in hannu da ake yi a Riyad. Bana kam ban isa ba, zan je kallo ne in ga yadda mutanen Ahsa ke gama bakin dallarsu, tunda su aka sani da ita.

Na kuma yi abin da nake ta gudu, lissafi. Na rubuta awannin da jiki na biyu ya ci, na haɗa da falle da gas da liham da kuza. Idan na biya kaina abin da nake samu a awa guda ta walda, dallar za ta yi tsadar da ni kaina ba zan saya ba. Ko dai hannuna ya ninka sauri, ko in sami masu sayen da ke neman aikin hannu da gangan, ko kuma tasa da kasko su riƙa ciyar da dalla. Na ukun ya fi kusa. An riga an yi mini odar kasko uku daga wajen bikin yarinyar nan, duka da dagi.

25 ga Oktoba

Dalla ta tsaya da gindinta. Baki na huɗu ne ya zauna, na huda ramukan tacewa a jiki kafin in liƙa shi, mariƙi da murfi sun hau, kuza ta zo a ƙarshe. Nauyinta ya fi na kasuwa, kuma idan ka kalle ta ta gaba, bakin ya ɗan karkata hagu.

Jiya bayan sallar Juma'a na kai ta gidan Baffa. Uwargida ta dafa gahawa da hel, kayan ƙamshin da Larabawa ke sa mata, da ɗan kanumfari, na juye a ciki. Na riƙe dalla da hagu, finjali da dama, na tsaya a gabansa na zuba. Gahawa ta fito siririya, ta sauka inda ake so. Ina ɗaga hannu sai ɗigo biyu suka biyo ƙarƙashin bakin suka sauka a kan dardumarsa.

Ya shanye, ya miƙo na ƙara masa, ya sake shanyewa, sannan ya girgiza finjalin. Ya karɓi dallar ya shafa leɓen bakin da farce. Ya ce ya yi kauri, gahawa na samun wurin kamawa. In ci shi da magagari ta ciki, ba ta waje ba, har ya yi kaifin da zai iya yanke zaren ruwa. Game da karkatar kuwa ya ce in bar ta, idan na taɓa lihamin zan sake ƙona kuzar.

Ban yi mata zane ba tukuna. Na zana dagi da fensir a ƙugunta na goge sau biyu, don wurin a lanƙwashe yake ta fuska biyu, zaren yana buɗewa ta ƙasa yana matsewa ta sama. Baffa ya ce in gwada a kan jikin farko da na ƙona, tunda yana nan a ajiye. Gobe da la'asar zan narka danƙo in cika shi, in bar shi ya kwana. Magagarin da nake da shi ya yi girma ga cikin bakin, sai ranar Litinin in nemo ƙarami a Jidda.